'Ya'yan Kwaɗin Chinatsu

Talata, 13 ga Mayu, 6:10 na safe

Kwaɗin Chinatsu sun yi ƙwai.

Na sauko zan ɗora ruwan shayi, na leƙa tankin gilashin da ke ƙarƙashin matakala, sai na ga saman ruwan ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa riɗi. Kwaɗin su huɗu ne, babu wanda ya kai tsawon babban yatsana. 'Yan Afirka ne, ba sa barin ruwa duk rayuwarsu, sai dai su leƙo su shaƙi iska su koma. Bara ta dame ni da roƙo har na kai ta kanti ta zaɓo su. Yanzu ni nake ba su abinci.

Na tarar da uwar tana bin ƙwan tana haɗiyewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko ludayi na kwashe sauran na zuba a roba. Na ƙirga har ɗari da ashirin, na bari.

Na hau sama na tsaya a ƙofarta. Na ce, "Chinatsu, albishirinki! Kin yi jikoki." Na ce, "Sun fi ɗari fa. Zo ki gani kafin in tafi makaranta." Na ji motsin bargo, shi ke nan.

Yau kwana bakwai 'yata ba ta fito daga ɗaki ba sai banɗaki, shi ma sai ta ji gidan ya yi tsit. Shekararta goma sha biyu. Wata ɗaya kacal ta yi a sakandare.

Na ajiye mata tire a bakin ƙofa: shinkafa, miyar miso ta waken soya, gasasshen kifi.

Talata, 5:40 na yamma

Tiren ya dawo. Rabin shinkafa ta ci, ba ta taɓa kifin ba.

Baba ya dawo daga dashen shinkafa, ko takalmin roba bai gama cirewa ba ya hango robar.

Ya ce, "Tomoe, mene ne wannan a robar da nake jiƙa kokwamba?"

Na ce, "Ƙwan kwaɗi ne, Baba."

"Ƙwan kwaɗi! Gona ta cika da kwaɗi, ba sa barin mutum ya ji rediyo, ke kuma kina renon na ƙasar waje a robata." Ya matsa gindin matakala ya ɗaga murya. "Ke gimbiyar sama! Jikokinki sun ƙwace mini roba!"

Da a da ne, kafin ya rufe baki ta ce masa, "Tsoho, ai robar ma ta fi ka ƙuruciya." Ya tsaya yana jira, hannunsa a kan katakon matakala. Can ya ce bari ya je ya yi wanka.

Ba komai. Shekara goma sha tara ina koyar da 'yan aji biyu na firamare, kuma babu shekarar da ba mu reni 'ya'yan kwaɗin gona a aji ba. In akwai abin da na iya a duniya to wannan ne: dafaffen alayyafo, 'yar ƙwayar shinkafa, a canza ruwa kullum. Na ga yaran da ba sa buɗe baki sun zama aku a gaban robar kwaɗi. Za ta sauko. Wa zai ji an ce ƙafafu sun fito ya iya zama a ɗaki?

Alhamis, 15 ga Mayu, 6:00 na safe

Sun ƙyanƙyashe. 'Yan mitsi-mitsi, kamar waƙafi a littafin yaro, sun manne a jikin roba ba sa motsi. Na mayar da su ƙaramin tanki, na sa musu na'urar ɗumama ruwa, na mayar wa Baba robarsa. Na ƙirga, casa'in da huɗu.

Na zana jadawali mai kyau, da gurbin kwanan wata, da na adadi, da na zane. Na tura mata ta ƙarƙashin ƙofa.

Juma'a, 16 ga Mayu, 6:30 na yamma

Malamin ajin su Chinatsu ya zo da takardun mako. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a wurin cire takalma yana ta sunkuyawa. Ya ce ya tambayi 'yan matan ƙungiyar busa sarewa da take ciki ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce ba abin da ya faru. Ya ce makaranta tana jiran ta ko da yaushe.

Na san muryar nan. Ni ma na sha yi wa iyaye magana da ita a bakin ƙofofinsu.

Bayan ya tafi Baba ya ce ya ga akwatin sarewarta a rumbu, bayan buhunan taki. Na ɗauko na goge, na ɗora a kan kabad. Ban buɗe ba. Wayarta ma tana nan cikin aljihun tebur inda ta jefa ta ranar da ta shige ɗaki, a kashe. Ita ma ban taɓa ba.

Jadawalin ya dawo a kan tire, babu ko ɗigon biro.

Lahadi, 18 ga Mayu, 4:00 na yamma

Nobuhiro, baban Chinatsu, ya bugo waya daga birnin Nagoya. Ya ce, "Ki ƙyale ta, in ta gaji za ta fito." Na ce, "Kai ne ubanta, ko za ka zo?" Ya ce aiki ya riƙe shi sai farkon wata.

Talata, 20 ga Mayu, 6:15 na safe

Sun saki gilashi sun fara iyo! Suna tsayawa dab da saman ruwa, kai sama, wutsiya tana rawa. Na dafa alayyafo ya yi laushi, na yayyanka, na murje ƙwayar shinkafa uku na zuba musu. Casa'in.

Na hau na ba ta labari duka ta bayan ƙofa. Na ce gobe ma zan zo da rahoto.

Laraba, 21 ga Mayu, 6:05 na safe

Tamanin da huɗu. Haka suke yi da farko.

Alhamis, 22 ga Mayu, 5:50 na yamma

Saba'in da ɗaya. Ruwan ya yi fari-fari, na canza. Wataƙila alayyafon ya yi musu tauri. Na sake dafawa har ya narke, na ƙara shinkafa.

A aji yau na kira wata yarinya da sunan Chinatsu. Yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Juma'a, 23 ga Mayu, 7:10 na yamma

Hamsin da biyar. Ga abinci ko'ina a tankin, suna wucewa ta kansa kamar ba su gani ba. Na kwashe matattun da cokali.

Na kai tire, na tsaya ina ba da rahoto kamar kullum. Daga rahoto na koma roƙo. Daga roƙo na koma wani abu. Na ce ni da nake tarbiyyar 'ya'yan mutane, ina zan sa fuskata a garin nan. Na ƙara wata maganar a kai, wadda ba zan rubuta a nan ba.

Da na juyo Baba yana gindin matakala. Ya shiga ya kunna wa marigayiya Inna turare a gaban hotonta, ya daɗe a durƙushe.

Kwana goma sha bakwai tana ɗaki.

Asabar, 24 ga Mayu, 8:20 na safe

Talatin da takwas.

Tiren jiya yana nan yadda na ajiye shi. Da na ɗaga kwanon miya sai ga 'yar takarda a ƙarƙashi, an yago ta daga jadawalina. Rubutunta ne:

"Ba sa cin ganye. Abu mai motsi kawai suke ci. Yunwa ce take kashe su. Ki kwashe shinkafar nan."

Na zauna a kan matakala na karanta ya fi sau goma. Kwana huɗu ina kashe su da yunwa ina ƙara musu alayyafo. Shekara goma sha tara, ban taɓa tambayar kaina ko akwai ɗan kwaɗon da ba irin na gonarmu ba. Kunya ta rufe ni. Amma ga shi ina murmushi kamar wawiya, domin rubutunta ne, kuma don ta san akwai shinkafa a tankin sai da ta sauko ta gani.

Na karanta wa Baba. Ya ce in maimaita.

Ya ce, "Abu mai motsi? Ai a gonata ba abin da ba ya motsi sai ni." Ya ɗauki kwalba ya fita.

Asabar, 11:30 na safe

Ya ɗebo ruwa daga kusurwar gonar da ba ya zuba wa magani. Da muka ɗaga kwalbar a rana sai ga ta cike da ƙananan ƙwarin ruwa, kamar ƙura, suna tsalle-tsalle. Muka tace da rariyar shayi don manyan su tsaya, na ɗiga sauran a tanki da abin ɗiga maganin ido.

Na kafa gilashin ƙara girma a kan ɗaya. Ya tsaya cak, ya juya idanu, ya matso a hankali. Sai caraf! Bakin ya miƙe ya zuƙe ƙwaron, ban ma ga yadda aka yi ba. Na yi ihu. Baba ya ƙwace gilashin.

Ya ce, "Kai! Ashe mafarauta ne 'yan banzan. Ke kuma kina ba su abincin masu jinya."

Zuwa azahar cikinsu ya yi tim-tim.

Lahadi, 25 ga Mayu, 6:45 na yamma

Na rubuta mata amsa shafi biyu. Na ba ta haƙuri, na yaba iliminta, na jero tambayoyi takwas. Tiren ya dawo ba takarda.

Baba ya ce, "Wasiƙa kika rubuta mata ko jarrabawa?"

Litinin, 26 ga Mayu, 6:00 na safe

Na rubuta: "Talatin da ɗaya. Na kwashe shinkafar." Hannuna yana ƙaiƙayin ƙari, na ajiye biron a cikin aljihun tebur na rufe.

Litinin, 5:30 na yamma

"Ruwan ya yi sanyi. Ki kai shi digiri 26."

Ta cinye shinkafarta duka.

Alhamis, 29 ga Mayu, 6:20 na yamma

Ashirin da takwas jiya, ashirin da uku yau. Na duba, na sake dubawa, ban ga gawa ko ɗaya ba. Takardar yau ce ta warware mini:

"Akwai tsutsar mazari a bayan na'ura, ita take cinye su. Ta shigo cikin ruwan gona. Ki ce wa tsohon nan ya riƙa sa tabarau."

Na samu tsutsar, ƙatuwa, na jefar waje. Na miƙa wa Baba takardar. Ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya je gindin matakala.

"Ke uwar kwaɗi! Tsohon nan ne yake ciyar da jikokinki kyauta, marar kunya! In kin isa ki sauko ki faɗa a gabana!"

Na rantse na ji wani sauti daga sama, kamar an toshe baki da matashi. Baba ya ninke takardar ya cusa cikin hularsa.

Asabar, 31 ga Mayu, 2:00 na rana

Ba takarda yau. Me na yi kuma?

Talata, 3 ga Yuni, 6:10 na safe

Ƙafafun baya sun fito, sirara kamar zare. Ashirin da ɗaya.

Na ce wa zai ji an ce ƙafafu sun fito ya zauna a ɗaki. To, ga wadda za ta iya.

A wurin zubar da shara matar maƙwabcinmu Kuramochi ta tare ni. "Malama, kwana biyu ba na ganin Chinatsu a kan keke. Lafiya dai?" Na ce mura ce. Ta ce, "Ayya, murar bana akwai naci." Ta sani. Duk layin nan sun sani. Na dawo na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Lahadi, 8 ga Yuni, 5:00 na yamma

Nobuhiro ya zo ya koma. Ya kawo mata kek ɗin da take so, ya zauna a ƙofarta kusan awa ɗaya yana magana ƙasa-ƙasa. Ba ta buɗe ba. A tasha ya ce ko mu nemi likita. Na ce mun riga mun je wurin mai ba da shawara sau biyu, ni kaɗai, na faɗa maka a waya. Ya ce haka ne. Jirgin ƙasa ya zo.

Kwana talatin da uku.

Alhamis, 12 ga Yuni, 6:50 na yamma

Ruwan sama tun safe. Na dawo na tarar Baba yana ta atishawa, rigarsa a jiƙe a kan igiya.

Na ce, "Baba, a gona ruwa ya dake ka?"

Ya ce, "A tsakar gida."

Wai ya dawo cin abincin rana, ya hango ta ta taga. Tana durƙushe a gaban tanki da abin ɗiga magani a hannu, tana yi musu magana. Sai ya laɓe a bayan a-kori-kurarsa don kada ta gan shi ta gudu. Minti arba'in yana tsugune a cikin ruwa.

Na ce, "Ta rame?"

"Kaɗan. Gashinta ya yi tsawo."

"Me take ce musu?"

"Ina zan sani? Kunnen tsoho, ga ruwa yana dukan kwano."

Na haɗa masa shayin citta. Ina miƙa masa ina jin haushinsa. Shi ya gan ta. Ni da na haife ta rabona da fuskarta kwana talatin da bakwai, a gida ɗaya.

Asabar, 14 ga Yuni, 9:00 na safe

Na ce zan je kasuwa, na tayar da mota, na zagaya na ajiye ta bayan rumbu. Na zauna ina kallon taga. Bayan minti goma na ji kunyar kaina, na tafi kasuwar da gaske.

Talata, 17 ga Yuni, 7:00 na yamma

Hannaye sun fito, wutsiya ta fara gajarta. Goma sha tara, kuma adadin ya tsaya tun ran Juma'a.

Yau 'yan ajina suka saki kwaɗinsu. Kamar kowace shekara, muka jera a kan gaɓar gonar da ke bayan makaranta, kowane yaro da kofinsa, suka ce da murya ɗaya, "Mun gode, ku je lafiya!" suka karkata kofunan. Wata ta yi kuka, wani ya faɗa cikin taɓo. Wannan ranar na fi so a duk shekara. Ita ce ƙarshen darasin: abin da ka rena, ka mayar da shi gona.

A wurin cin abinci na ce wa Baba, "In wutsiyar namu ta ƙare, a gonarka za mu sake su. Taku ashirin ne daga ƙofa. Don wannan kam za ta fito."

Ya ce, "Ai da ma abincin gonata suka ci suka girma. 'Yan gida ne."

Na ce kada ya faɗa mata tukuna, ni zan san yadda zan sanar da ita.

Alhamis, 19 ga Yuni, 6:00 na safe

Na rubuta takardar sau uku, na yaga sau uku. Na aika da "Goma sha tara" kawai.

Asabar, 21 ga Yuni, 6:30 na yamma

Wutsiya ta tafi. Kwaɗi ne yanzu sosai, kowanne bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Baba ya ce, "Kin faɗa mata?" Na ce gobe. Ya ce, "Goben nan taki ta fi layin gonata tsawo."

Lahadi, 22 ga Yuni, 1:15 na rana

Bari in rubuta abin da ya faru.

Wajen ƙarfe tara ina shanya a bayan gida sai na ji muryar Baba daga can bakin gona, yana kwaɗa kira. "Ke uwar kwaɗi! Leƙo ta taga ki yi ban kwana da jikokinki!" Ashe ya gaji da jirana, ya kwashe su a bokiti. Tagarta tana kallon gonar. A ganinsa in ba za ta fito ba, ai ta gani daga sama.

Na ji an ja taga da ƙarfi. Na ji ta ce, "Kaka! A'a! Tsaya!" Sai gudu a kan matakala, dim-dim-dim, sai ƙofar gida ta bugu da bango. Na saki zanin gado a ƙasa na zagayo.

Ga ta can tana tsallaka hanya, ba takalmi, da kayan barci. Baba ya riga ya karkata bokitin. Ta faɗa cikin gonar har gwiwa ta tare bakinsa da hannu biyu.

Tana haki ta ce, "Me kake yi? Mutuwa za su yi!"

Baba ya ce, "Mutuwa kuma? Gida na kawo su."

"Ba gidansu ba ne! Ba 'yan nan ba ne! Ba sa iya hawa tudu, in ka janye ruwa ina za su? In sanyi ya zo fa? Ko kwana uku ba za su yi ba, balbela za ta tsince su! Kuma ba a sakin abin wata ƙasa a gona, kowa ya san wannan!" Ta juyo ta gan ni. "Ke kika ce masa, ko? Don me kullum sai kun jefa abu inda ba zai iya ba, ku tsaya a gefe kuna cewa ya je lafiya?"

Na tsaya a kan gaɓa ina kallon bokitin.

Ta ƙirga na cikin bokiti, goma sha shida. Uku sun fita. Baba ya cire hula ya shiga ruwa, ni ma na shiga da silifas ɗina. Mu uku muna sunkuye tsakanin layukan shinkafa, ba mai magana sai ita: "Kada ku motsa taɓo. Kaka, ɗaga ƙafarka a hankali. A hankali na ce!" Baba ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ta samu ɗaya ya baje hannu da ƙafa a saman ruwa. Na samu ɗaya manne da ganye, na ɗebo shi a tafin hannu, ta miƙo bokiti, yatsunta suka taɓa nawa. Na ukun mun neme shi fiye da rabin awa.

Da ta ɗago sai ta ga matar Kuramochi da mijinta a bakin hanya, da wasu yara biyu a kan keke, duk suna kallo. Na ga fuskarta ta canza. Ta dubi kayan barcinta. Ta rungume bokitin ta wuce su kanta a ƙasa, ta haye sama da taɓon a ƙafarta. Ƙofa ta rufe.

Baba yana zaune a bakin rumbu tun ɗazu. Ya ce, "Ni na ɓata, Tomoe." Na ce ba shi ba ne. Sau biyu ke nan ina yi musu abin da na saba yi wa kwaɗin gona, kuma duka biyun ban tambayi mai su ba.

Lahadi, 6:40 na yamma

Tiren rana bai motsa ba. Na yamma ma haka. Ba takarda.

Ban goge sawun taɓon da ke kan matakala ba.

Litinin, 23 ga Yuni, 12:30 na rana, ɗakin malamai

Na sauko da safe, ƙaramin tankin yana nan ba kowa a ciki, na'ura tana ta ɗumama ruwan banza. Ina tsaye a gabansa sai na ji an ce, "Mama."

Tana saman matakala. Ta ɗaure gashinta.

Ta ce, "Ruwan bokitin ya yi sanyi. Ina so in kai tankin ɗakina. Ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba."

Nan take na ga abin da hakan yake nufi. Tankin nan ne kaɗai yake sauko da ita. In ya hau sama, me zai ƙara fito da ita? Dalilai biyar suka zo mini baki, masu kyau, irin na malamai: nauyi, wutar lantarki, hasken taga. Na haɗiye su.

Na ce, "To. Mu rage ruwan tukuna."

Muka kwashe rabi. Ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, ita tana hawa da baya. Ruwa yana tangaɗi yana jiƙa mini rigar aiki. Baba ya leƙo daga kicin, ya buɗe baki, na harare shi, ya mayar da kansa.

Ɗakin yana warin daɗewa a rufe. Littattafan kwaɗi a ko'ina a ƙasa. Muka ɗora tankin a kan tebur, ta haɗa na'ura, ta riƙa ɗiban ruwan ɗumin da kofi tana zubawa a bokiti kaɗan-kaɗan don kada canjin ya buge su. Na juya zan fita.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Kina iya zama ki ga an mayar da su. Amma ban da magana."

Na ce, "Ban da magana."

"Mama. Ke fa."

Na kama bakina da hannu. Gefen leɓenta ya ɗan motsa.

Na zauna a ƙasa, na jingina da gadonta. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya da cokali tana saki. Kowanne sai ya nutse ƙasa, ya tsaya, sannan ya harbo sama ya shaƙi iska. Tambayoyi sun cika mini ciki har wuya: sarewa, waya, 'yan matan nan, gobe, jibi. Ban yi ko ɗaya ba. Ina ganin tunda na fara koyarwa ban taɓa yin shiru mai tsawon haka ba.

Ta saki na ƙarshe ta ce, "Goma sha takwas." Ta zauna a ƙasa ita ma, ba kusa sosai ba. Muka yi ta kallon su.

Can ta dubi agogo ta ce, "Za ki makara."

Na ce, "Na sani."

Ba ta ce in tashi ba, ni ma ban tashi ba.